Motar gudu da ta yi kwantai: yadda na fitar da farashinta kafin in sa hannu

Motar tana can ƙarshen filin ajiya, bayan layin manyan motocin iyali, ƙura ta lulluɓe gilashinta har ana iya rubutu da yatsa. Ƙofa biyu ce, kujera biyu, giyar hannu, fenti ruwan ɗorawa, mita tana nuna kilomita 31. Ƙirar 2023 ce, ni kuwa a tsakiyar Maris na 2025 na tsaya a kanta, lokacin da ƙannenta na 2025 suka riga suka cika ɗakin baje koli. Ba a taɓa yi mata rajista ba, ba a taɓa sa mata lamba ba, don haka a takarda sabuwa ce dal. Tambayar da ta ci mini mako biyu da rabi ita ce nawa ya kamata a biya. Domin lissafin ya yi wa kowa amfani ko da wane irin kuɗi yake ciniki, zan ɗauki farashin da kamfani ya manna a gilashinta a matsayin 100, duk sauran alƙaluman da zan kawo a kansa za a auna su.

Ranar farko na yi minti arba'in a tsaye ina jiran a nemo makulli. Da aka kawo shi aka murza, ko ƙyas. Batir ya mutu murus, sai da yaron gareji ya turo akwatin tayar da mota aka jona mata. Mai sayarwar ko a jikinsa. Ya goge takardar gilashin da hannun rigarsa ya ce, "Yallaɓai, ka zo a sa'a. Maigida ya ce a sauke maka takwas, ka biya 92 ka tafi da sabuwar mota." Gaskiya raina ya biya, kuma a nan na kusa yin kuskuren da yawancin masu sayen irin wannan mota suke yi, wato su tsaya a kan 100 suna ƙirga abin da aka sauke musu. Takwas rangwame ne mai tsoka idan motar bana ce. Amma wannan 100 ɗin farashin shekara biyu da suka wuce ne, kuma babu wanda ya yarda ya biya shi, shi ya sa motar take nan. Sabuntarta tana ƙarewa ne a daidai lokacin da ka sa hannu. Washegari duk wanda zai yi mata kuɗi, ko banki, ko kamfanin inshora, ko mai saye, shekarar ƙira zai fara dubawa, ya jera ta da sauran motocin 2023 da aka yi shekara biyu ana hawa. Ban yi tayi ba ranar. Na ce a ba ni dama in duba jikinta, in ɗauki hotuna.

Abin da na ɗauka hoto guda huɗu ne, kuma kowa zai iya yi cikin minti goma. Na farko lambar shasi, wadda ake hangowa ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba. Tun 1981 aka daidaita ta a kan harufa da lambobi 17, kuma a motocin kasuwar Amurka ta Arewa da na kamfanoni da yawa, harafi na goma shi ne shekarar ƙira: N na 2022, P na 2023, R na 2024, S na 2025. An tsallake O da Q ne saboda kada a rikita su da sifili. Tawa P ce. Na biyu 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, mai ɗauke da wata da shekarar da aka harhaɗa motar, ita kuma ta nuna 02/23. A kula, shekarar ƙira da ranar harhaɗawa ba lallai su zo ɗaya ba, domin kamfanoni sukan fara fitar da ƙirar baɗi tun tsakiyar bana. Na uku gefen taya: bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara. Na karanta 4822, ma'ana mako na 48 na 2022, tayoyin sun girmi motar da wata biyu da ɗoriya. Na huɗu takardar gilashin kanta, inda aka jera kayan ƙari ɗaya bayan ɗaya da kuɗin dako. A Amurka doka ce tun 1958 ta tilasta manna wannan takarda a kan kowace sabuwar mota, wasu wuraren kuwa sai ka nema a buga maka. Ko ta yaya, kada ka bar wurin ba tare da ita ba, domin da ita za ka kwatanta motar da makamantanta.

Kwana biyu bayan nan na koma, amma ban bi ta wajen masu sayarwa ba, na zarce teburin masu karɓar motocin gyara. Su ba su da la'ada a cinikin, saboda haka ba su da dalilin yi maka kwana-kwana. Na miƙa lambar shasi na ce ina son a buga mini tarihin motar daga rumbun bayanan kamfani. Na jira kusan awa ɗaya saboda safiya ce, masu kawo gyara sun yi layi, amma ko kwabo ban biya ba. Takarda biyu aka miƙo mini, kuma su suka juya cinikin gaba ɗaya. Motar ta sauka a wurin a Afrilun 2023, ta kwana 694 ke nan. Akwai kiranye guda ɗaya na kamfani, wato umarnin a dawo da motoci a gyara wata matsala da aka gano, da ba a yi ba tukuna, gyaran manhajar kwamfutar injin da canjin wani ɗan bututu. Sai kuma layin da ya sa gabana ya faɗi: ranar fara garanti, Satumban 2024. Na ce da mutumin, "Malam, wannan fa? Ai ba a sayar da ita ba." Ya gyara tabarau ya ce an shigar da ita a matsayin motar gwaji. Abin da ke faruwa shi ne, idan gidan mota yana neman cike adadin da kamfani ya ɗora masa na wata ko na zango, yakan kai rahoton cewa mota ta fita, alhali tana nan a fili ko motsi ba ta yi ba. Daga wannan rana agogon garanti ya fara bugawa. Garantin wannan mota na wata 36 ne, ya zama saura 30. Mai sayarwar da ya ce mini "cikakken garanti" wataƙila shi ma bai sani ba, ban tsaya binciken zuciyarsa ba. Na nemi a nuna mini takardar shaidar asali ta kamfani, wadda ake miƙawa a yi rajistar farko. Tana nan, babu sunan kowa a kai. Da an riga an yi mata rajista da sunan gidan motar, da ni zan zama mai ita na biyu, kuma da lissafin ya sauka ƙasa da haka.

Mataki na gaba makanike ne na waje, wanda ba ya cin abinci da gidan. Sun ɗan yi jan ƙafa, suka ce ai sabuwar mota ba ta buƙatar dubawa, na ce ba na cinikin biri a sama. Aka amince ya zo ya yi aikinsa a garejinsu. Awa biyu da rabi ya yi, ladansa bai kai rabin ɗaya cikin ɗarin nan ba. Zama yana cin mota ta hanyoyin da tafiya ba ta ci. Batir ya fara aunawa bayan an yi masa caji ya huta: lafiyayyen batir yakan nuna kusan bolt 12.6, wannan ya tsaya a 12.1, da aka ɗora masa nauyi kuwa ya zube. Batirin da ya sha mutuwa yana kwana a mace, gishirin dalma yakan daskare a faifansa, caji ba ya dawo da shi. Sai man birki. Shi wannan mai yana zuƙar danshi daga iska ko ana hawa ko ba a hawa. Sabon man birki irin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Celsius, wanda ya sha ruwa kuwa ma'auninsa 155 ne. A motar kai yara makaranta mai yiwuwa ba za ka taɓa jin bambancin ba, amma motar da aka ƙera don a taka ta a kuma take birki da ƙarfi, ranar da man ya tafasa ƙafarka za ta nutse har ƙasa. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza shi duk shekara biyu. Baƙin man da ke cikin injin kuwa na masana'anta ne tun 2023, kuma irin tayarwar minti biyar da ake yi don a matsar da mota ita ce mafi muni gare shi, domin injin ba ya zafin da zai ƙone ruwa da fetur ɗin da suka sauka ciki. Fetur ɗin tanki ya canza wari. Faifan birki sun yi tsatsa, amma ta sama ce, ta goge bayan 'yan kilomitoci. Ya cire matatar iska ya haska fitila yana neman aikin ɓera, ya bi wayoyi, bai ga komai ba. Ya ɗaga motar ya leƙa sifirin, saboda wasu motocin gudu ana cusa musu robobi a tsakanin sifirin lokacin dako, idan aka manta ba a cire ba motar takan riƙa dukan mutum kamar amalanke. An cire. A kan rufi da bonet ya nuna mini tabo uku inda kashin tsuntsu ya ci fatar fenti, biyu za su fita da gogewa, ɗaya ya riga ya shiga.

Tayoyi ne suka fi ɗaukar lokaci. Shekara biyu da 'yan watanni ba tsufa ba ne ga taya, kamfanonin mota da dama sai ta kai shida suke cewa a sauke ta. Matsalar ita ce zama wuri ɗaya. Tayar motar gudu robarta mai laushi ce, gefenta gajere, idan ta daɗe a ƙarƙashin nauyi da ƙarancin iska sai wurin da ya taɓa ƙasa ya baje. Sau da yawa yakan warware idan taya ta yi zafi. Muka fita da motar muka yi kilomita talatin, daga gudun 100 zuwa 110 sitiyari yana kakkarwa a hannu, muka dawo bai daina ba. Makaniken ya rubuta cewa a ɗora su a injin daidaita taya mai danna su da nauyi kamar a kan titi, shi ne zai raba gardama. Na sa kuɗin taya huɗu a lissafina, 2, batir 0.4, mayuka da gogewar fenti 0.6. Jimla 3.

Da waɗannan takardu na zauna na yi kwana uku ina haɗa farashi daga ƙasa. Na nemo tallan motoci goma sha ɗaya irin tata sak, ƙirar 2023, giyar hannu, kayan ƙari kusan iri ɗaya, masu kilomita tsakanin 8,000 da 20,000. Kuɗin da ake nema ya kama daga 76 zuwa 82, tsakiyarsu 79. Amma kuɗin talla ba shi ne kuɗin sallama ba, na cire biyu ya zama 77. Wannan shi ne tushe. A kansa na ɗora abin da motar fili ta fi su da shi da gaske: kilomita kusan babu, na ba shi 3, garantin wata 30 a maimakon kusan 12 da ya rage wa waɗancan, 2, zama mai ita na farko, da sanin cewa babu wanda ya ƙona kulocinta ko ya kai ta filin tsere, shi ma 2. Ya tashi 84 idan sun yi gyaran, 81 idan ni zan yi. Sai na gwada alƙalamin ta wata hanya don kada in yaudari kaina. Na kira wurare biyu masu sayen motoci, na ba su bayaninta kamar tawa ce zan sayar gobe da kilomita 100 a mita. Ɗaya ya taya 70, ɗaya 71. Wannan lamba ba ta da daɗin ji, amma ita ce take gaya maka ramin da za ka faɗa idan larura ta sa ka sayar a watan farko. Da na biya 92 ɗin nan, da ashirin da ɗaya sun tafi tun kafin tankin farko ya ƙare.

Gwaji na uku daga sama yake saukowa. Ƙirar 2025 an manna mata 104, ana sallamawa a wajen 99. Na duba tazarar da ke tsakanin tsofaffin motocin wannan samfuri masu bambancin shekara biyu da kilomita kusan ɗaya, na ga tana kaiwa 12 zuwa 14. Ma'ana duk ranar da na tashi sayarwa, wanda ya sayi ta 2025 zai fi ni da wannan adadi, ko da rana ɗaya muka saya. To idan ban samu wannan tazara yau a wurin saye ba, na tafka asara ke nan, gara in ƙara kuɗi in ɗauki ta bana. 99 a cire 13, saura 86. Ga iyakata ta sama. Hanyoyi biyu mabambanta suka ajiye ni tsakanin 84 da 86, hankalina ya kwanta.

Banki da inshora rana ɗaya na yi su. Ko da kuɗi hannu za ka biya, yana da kyau ka ji ta bakinsu, domin su ne masu yi wa mota kuɗi ba tare da sha'awa ba. A banki ma'aikaciyar ta shigar da lambar shasi, na'ura ta fitar da ƙimar motar 2023, ta ce a kan wannan ƙima za su ba da bashi, abin da ya haura sai in cika daga aljihuna. Sai wani abu da mutane ba sa lura da shi: bashin rangwame da kamfanin mota yake bayarwa yawanci na ƙirar da ake yayi ne. A lokacin ana ba masu ta 2025 a kan kashi 3, ni kuwa abin da na samu kashi 7 ne. Wanda ya ranci 80 na wata 60, a kashi 3 kuɗin ruwansa 6 ne da kwata, a kashi 7 kuwa 15. Bambancin ya kusa 9. Ga mai cin bashi, wannan kaɗai ya isa ya cinye yawancin rangwamen, araha ta koma tsada. Haya mai wa'adi, wato ka riƙa biya duk wata ka mayar da motar idan wa'adi ya cika, ita ma ba ta yi wa irin wannan mota daɗi, saboda ƙimar da ake hasashen za ta rage a ƙarshen wa'adi ta riga ta faɗi. A wurin inshora tambaya ɗaya na yi: idan motar ta yi raga-raga a wata na biyu, nawa za ku biya? Amsar ita ce kuɗin kasuwa na ranar, ba kuɗin rasit ba. Suna da tsarin maye sabuwa da sabuwa, amma sai da na sa wakilin ya karanto mini sharaɗin, ko daga ranar rajistar farko ake ƙirgawa ko daga shekarar ƙira. Nasu daga rajista ne. Ba kowane kamfani ne haka ba, a tambaya.

Kafin in zauna da manaja na yi ƙoƙarin fahimtar inda takalmi yake matsa masa. Gidan mota ba 100 ya biya ba. Takardar da kamfani ya caje shi ta nuna kusan 94, kuma a wasu kasuwanni, kamar Amurka, akwai kashi biyu zuwa uku da kamfanoni da yawa suke riƙewa su mayar wa dila daga baya. Ban da wannan akwai kuɗin ƙarfafa gwiwa da kamfani yakan bai wa dila a asirce don ya kawar da tsohon kaya, wanda ba a tallata shi ga mai saye. Sannan mafi yawan motocin da ke fili da bashi aka ajiye su, kowane wata ruwa yana hawa. Ko a ce kashi 7 ne a shekara, a kan 94 ya haura rabin ɗaya duk wata, wata 23 ya wuce 12. Idan mota ta daɗe, mai ba da bashin yakan fara neman a rage uwar kuɗin. Manaja zai kawo maka wannan a matsayin dalilin da ya sa ba zai sauka ba. A gaskiya dalilin da zai sa ya sauka ne, domin abin da ya riga ya biya ya tafi, wanda ke gabansa kuwa kullum ƙaruwa yake yi, kuma nan da 'yan watanni sabuwar ƙira za ta fito motar ta ƙara shekara.

Na same shi ranar 21 ga wata, bayan jiran rabin awa a wata kujera da ke fuskantar motocin 2025, wanda ba na jin haɗari ne. Na shimfiɗa takarduna a teburinsa: tarihin garanti, rahoton makanike, tallace-tallace goma sha ɗaya, tayin masu saye biyu. Na taya 80, gyara a kansu. Ya yi dariya ya ce, "Haba ranka ya daɗe, albarka. Ko mu ba haka muka same ta ba." Ya jawo takardar kamfani ya nuna mini 94. Na ce ban musa ba, amma ba ni na ajiye ta kwana ɗari bakwai ba. Ya fita ya dawo ya ce 88, shi ne ƙarshe. Na sa yatsa a kan layin Satumban 2024, ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallon takardar, sannan ya ce 87. Na ce 83, kuma tayin yana nan har ƙarshen wata. Bai sallama ba. Na rubuta lambar wayata a bayan rahoton makaniken na bar masa kwafi na fita. Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo, kullum sai na leƙa shafinsu in ga ko an cire tallan. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa motar da ta yi wata 23 ba ta samu mai so ba, da wuya a yi wawasonta cikin mako guda. Ranar 29 mai sayarwar ya kira ya ce 85. Ranar 31, ƙarshen wata kuma ƙarshen zangon farko na shekara, manajan da kansa ya kira da yamma. Muka daidaita a 83 da rabi, batir da mayuka da gogewar fenti a kansu, taya kuma duk wadda injin ya kayar su canza ta tare da abokiyar zamanta.

Ofishin takardu shi ne wurin da rangwame yake komawa ta bayan gida. Awa biyu na yi a ciki. Takardar farko da aka turo mini ta tashi 87 da ɗoriya kafin haraji da rajista. Da na bi ta layi-layi sai ga kuɗin kariyar fenti, kuɗin iskar taya ta musamman, kuɗin zanen lamba a gilashi, jimlarsu 2.5, sai kuɗin shirya takardu 1.2. Na ce kariyar fentin da aka shafa wa motar da kashin tsuntsu ya ci rufinta fa? Aka soke ukun farko. Kuɗin shirya takardu kuwa suka ƙi taɓawa, suka ce kowa yana biya, muka raba shi biyu ta hanyar rage farashin motar. Darasin wurin shi ne tun a teburin manaja ka ce lambar da kuke magana a kai ita ce ta fita da mota, ban da haraji da rajista kawai. Ni ban faɗa ba, ya ci mini 0.6. Na kuma sa aka rubuta alkawuran gyara ɗaya bayan ɗaya a takarda mai sa hannun manaja, tare da kilomitar da ke mita da ranar ƙarewar garanti. Aka yi mini tallan ƙarin garanti, na ce su ne suka cinye wata shida, su biya. Ba su biya ba, ni ma ban saya ba. Na ba da kafin alƙalami da sharaɗin sauran kuɗi sai ranar ɗauka.

Ɗaukar sai da ta kai kwana tara, saboda bututun kiranyen sai da aka yi odarsa. A Amurka doka ta hana dila miƙa sabuwar mota matuƙar akwai kiranyen lafiya da ba a gyara ba, kuma ko a inda babu irin wannan doka bai kamata ka karɓa ba. Ranar ɗauka ban yarda da baki ba. Na buɗe bonet na duba kwanan watan sabon batir, na zaro sandar baƙin mai, na nemi takardar aikin gareji mai nuna an zuƙe tsohon fetur an canza man birki. Injin ya kayar da tayoyin gaba biyu, na baya suka tsallake, sababbin suna ɗauke da lambar 2025. Na duba littafin mota, makulli biyu, da kayan faci a but, saboda motar da ta daɗe a fili akan ciri kayanta a cike wa wata. Aka rasa makulli na biyu, sai da aka yi minti ashirin ana bincike kafin ya fito daga wata durowa.

Da zan sake, da teburin gyara zan fara zuwa tun kafin in gaisa da mai sayarwa, domin ranar fara garanti da adadin kwanakin zama su ne rabin cinikin. Kuma wannan lissafi ba na kowace mota ba ne. Idan tsakanin shekarun biyu an sauya ƙirar gaba ɗaya, sabon jiki da sabon inji, tazarar takan fi wadda na samu, sai a ƙara sauka. Idan kuwa motar ita ce ta ƙarshe a jinsinta, an daina ƙera ta, ko an daina yi mata giyar hannu, ko ƙididdigaggu aka fitar, to tsofaffinta ma ba sa faɗuwa, dila ya san haka, kuma zai iya zama a kan kuɗinsa. Tallan na hannu ne zai nuna maka wanne ne a ciki. A kuma tambayi abin da ya sa ta yi kwantai. Tawa launi ne da giyar hannu da tarin kayan ƙari masu tsada, kuma duk abin da ya hana ta fita yau zai rage mata masu so ranar da zan sayar. Wanda ke canza mota duk shekara biyu bai kamata ya kusanci irin wannan ba sai da rangwame mai zurfin gaske. Wanda zai riƙe ta shekara takwas ko goma, tazarar shekarun ƙira tana tsukewa har ta zama ba a bakin komai ba, shi ne cinikin ya fi yi wa riba.

Batun wata shidan nan na garanti na bi shi daga baya. Na rubuta wa ofishin kula da masu saye na kamfanin, na haɗa rasit da takardar rajistar farko mai ɗauke da Afrilun 2025. Bayan mako uku suka amsa cewa ranar da dila ya shigar ita ce a rumbunsu, ba za ta gyaru ba sai shi dilan ya janye rahotonsa ya mayar da abin da aka ba shi a kai. Na kai wa manajan amsar, ya karanta, ya ce zai duba. Garantin yana nan zai ƙare a Satumban 2027.